Yadda Aka Gano Ƙwayar Cutar Kuturta

A tsakiyar ƙarni na 19 kuturta ta yi katutu a yammacin Norway. Likita Daniel Danielssen na birnin Bergen ya tsaya kai da fata cewa gadonta ake yi, domin ya sha gwada cutar a jikinsa bai kamu ba.

Surukinsa, Armauer Hansen, ya saɓa masa, yana ganin ɗaukar cutar ake yi. A 1873 ya hango ƙwayoyi masu kama da 'yan sanduna ta madubin likita, cikin kumburin fatar majinyata. Sai dai ƙwayar ta ƙi tsira a ɗakin gwaji, dabbobi ma suka ƙi kamuwa. Neman hujja ya kai shi ga aika-aika: a 1879 ya sanya wa wata majinyaciya cutar a ido ba da yardarta ba, kotu ta raba shi da aikinsa na asibiti. Duk da haka, ra'ayinsa ne ya haifar da dokar keɓe masu cutar a 1885.