Malamin Lissafi da Ya Koya wa Likitoci Ƙidaya

An haifi Austin Bradford Hill a birnin Landan, ƙasar Ingila, cikin 1897. Tun yana yaro ba shi da buri sai na zama likita, amma yaƙin duniya na farko ya katse masa karatu. Ya shiga aikin tuƙin jirgin sama na soja, aka tura shi tsibiran ƙasar Girka, can tarin fuka ya kama shi. Aka komo da shi gida ana tsammanin ba zai tashi ba. Bayan doguwar jinya ya sami sauƙi, amma ƙarfinsa bai kai ga karatun likita ba, sai ya juya ga ilmin ƙididdiga, watau gano gaskiyar abu ta hanyar ƙidaya da gwama lambobi.

A zamanin nan, in sabon magani ya fito, likita yakan ba waɗanda ya ga dama. In sun warke a ce maganin ne, alhali kuwa wataƙila masu sauran ƙarfi ya zaɓa, waɗanda ko ba magani za su tashi. To, cikin 1946 aka sami wani sabon maganin tarin fuka daga Amurka, ana ce da shi streptomycin. Ɗan kaɗan ne, ba ya isar kowa. Hill ya ba da shawara a raba majinyata kashi biyu ta hanyar ƙuri'a. Aka rubuta rabon kowa aka rufe cikin ambulan, don kada likita ya zaɓa da son ransa. Mutum 55 aka ba su maganin tare da hutu bisa gado, mutum 52 kuwa hutun kaɗai. Bayan wata shida, mutum 4 suka mutu cikin kashin farko, 14 cikin na biyu. Da yake ƙuri'a ce ta raba su, ba abin da ya bambanta su sai maganin. Aka buga labarin cikin 1948, tun daga nan wannan hanya ta zama ma'aunin gwada magunguna, har na ciwon daji.

Ana nan kuma sai hukuma ta ga ciwon daji na huhu yana ta ƙaruwa a Ingila. Waɗansu suka zargi hayaƙin mota, waɗansu kwaltar da a ke shimfiɗa wa hanyoyi. Hill da wani likita, Richard Doll, suka sa aka bi asibiti 20 na Landan ana tambayar majinyata yadda zamansu ya ke. Cikin maza 649 masu ciwon, mutum 2 kaɗai ba su shan taba. Cikin maza 649 masu waɗansu cututtuka dabam kuwa, an sami 27. Suka bayyana haka cikin 1950. Doll kansa ya bar shan taba, amma mutane da yawa suka yi musu.

Hill bai tsaya jayayya ba. Cikin 1951 suka aika wa likitocin ƙasar, wajen dubu 60, takarda suna tambayar kowa ko yana shan taba, kuma nawa ya ke sha. Wajen dubu 40 suka amsa. Sa'an nan suka zauna suna rubuta duk wanda ya rasu da abin da ya kashe shi. Ya zuwa 1954 likita 36 sun mutu da ciwon daji na huhu, dukansu kuwa mashaya taba ne. Wanda ya fi sha, shi ya fi shiga haɗari. Gani ya kori ji, likitoci da yawa suka yar da taba.

Hill ya rasu cikin 1991, amma Doll da abokan aikinsa suka ci gaba da bin likitocin nan har shekara 50. Cikin 2004 suka nuna cewa wanda ya dawwama kan shan sigari yakan yi hasarar wajen shekara 10 ta rayuwarsa, wanda ya bari da wuri kuwa yakan tsira da mafi yawansu. Cuta ta hana Hill zama likita, amma lissafinsa ya ceci rayukan da ba likita ɗaya da zai iya cetowa da hannunsa.