Sassaƙen Maɗaci a Dajin Birnin Gwari: Ina Laifin Mai Magani?

Amfanin maɗaci wajen zazzaɓi da ciwon ciki sananne ne, masanin tsirrai Dalziel ya rubuta shi tun 1937. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani ra'ayi da ke yawo a tsakanin masana itatuwa, wai masu sassaƙe ne ke ƙarar da maɗaci a dajin Kamuku da kewayen Tsohon Birnin Gwari, kamar yadda masu haƙar magani suka yi wa wani tsiro mai suna kutki a tsaunukan Himalaya.

Kwatancen yana da jan hankali. Kutki, wanda masu maganin Tibet ke kira honglen, shi ma ɗaci ne da shi, kuma zafin jiki da ciwon hanta ake sha masa. Yawan haƙarsa ya sa aka saka shi a rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES, wadda ke taƙaita cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar barazana, a 1997. Amma fa saiwarsa ake buƙata, in an tono shi ya mutu ke nan. Maɗaci kuwa ɓawonsa ake ɗiba, kuma mai magani na gado gabas da yamma yake sassaƙa, ya bar sauran jikin ya warke. Ko da aka saka maɗacin Afirka a wannan rukuni a 2022, gungume da katako aka ambata, ba ɓawo ba. A ganina wannan ya isa ya nuna inda ɓarnar ta fi yawa.

Mai wancan ra'ayi zai kawo binciken masana Gaoue da Ticktin a Jamhuriyar Benin (2008), inda maɗatan da aka matsa wa suka rage 'ya'ya. Na karɓi wannan. Sai dai a can sassaƙe ya haɗu da saran ganye da makiyaya ke yi wa shanu da rani, nauyin bai rataya a wuyan mai magani shi kaɗai ba.

Duk da haka dole in rage iƙirarina. Mai cika buhu don kai wa kasuwa yakan zagaye gindin bishiya da gatari, kuma wadda aka zagaye ba ta tashi. Wanda nake karewa shi ne mai ɗibar abin jiƙo ɗaya. Shi ma a ƙirga tabon da ya bari a bishiyoyi, a ƙirga kututturan da zarto ya bari, kafin a yanke masa hukunci.