Cernobil: Daren da Tukunya ta Huɗu ta Fashe, da Gadon da Ta Bar wa Duniya

Da safiyar Litinin, 28 ga Afrilu, 1986, na'urar binciken jikin ma'aikata a tashar nukiliya ta Forsmark da ke ƙasar Swidin ta fara kuka. Takalman wani ma'aikaci ne ke ɗauke da burbushin nukiliya. Mahukuntan tashar suka ɗauka daga cikin gidansu matsalar take, suka bi lungu da saƙo da bincike, ba su ga inda ya tsage ba. Da masana suka nazarci irin burbushin, suka kuma duba inda iska ta kaɗo a kwanakin baya, sai alamu suka nuna kudu maso gabas, can cikin Tarayyar Sobiyet, tazarar fiye da kilomita 1,000. Sai da daren wannan rana, bayan Swidin ta matsa da tambaya, gidan talabijin na Mosko ya karanta sanarwa mai 'yan jimloli, cewa an samu haɗari a tashar Cernobil, tukunyar nukiliya ɗaya ta lalace, kuma ana ɗaukar matakai. A lokacin, wutar ta shafe kusan kwana uku tana ci.

Tukunyar da aka gina da aibi

Tashar Cernobil tana arewacin Yukren, kusa da iyakar Belarus, kimanin kilomita 100 daga birnin Kiyef. A 1986, tukwanen nukiliya huɗu ne ke aiki a cikinta, kowace tana samar da megawat 1,000 na lantarki. Kilomita uku daga tashar akwai Pripyat, garin da aka kafa a 1970 domin ma'aikata da iyalansu, inda a lokacin mutane kusan 49,000 ke zaune, akasarinsu matasan magidanta.

Aikin tukunyar nukiliya shi ne dafa ruwa. Ƙwayoyin zarra na yuraniyam suna tsagewa su fitar da zafi, zafin ya mayar da ruwa tururi, tururin ya juya injin da ke haifar da lantarki. Kowace tsagewa tana sakin wasu 'yan ƙwayoyi da ake kira niyutiron, su kuma su je su tsaga wasu. Ana sarrafa wannan sarƙa da sandunan da ke haɗiye niyutiron: a zura su ciki wuta ta lafa, a zare su ta ƙaru. Su ne birkin tukunya.

Samfurin Cernobil, wanda ake kira RBMK, yana da aibobi uku da suka haɗu a dare guda. Na farko, tubalan girafait, wato baƙin ma'adinin nan irin na bakin fensir, su ne ke riƙe da sarƙar tsagewar, ruwa kuwa yana sanyaya tukunyar yana kuma haɗiye wani kaso na niyutiron. Idan ruwan ya tafasa fiye da kima ya zama tururi, haɗiyewar ta ragu, ƙarfin wuta ya ƙaru, ƙarin ruwa ya sake tafasa. A yawancin tukwanen ƙasashen Yamma, rashin ruwa kashe sarƙar yake yi. A nan kuwa rura ta yake yi. Na biyu, a ƙasan kowace sandar birki an maƙala girafait, ta yadda a wani yanayi shigar sandar kan fara ƙara wuta a gindin tukunya kafin ta rage ta. Na uku, ba a lulluɓe tukunyar da katafaren ginin kankare mai riƙe guba idan abu ya ɓaci ba.

Gwajin da ya makara

Abin mamaki, gwajin tsaro ne ya jawo bala'in. Injiniyoyi suna son sanin ko injin da ke ci gaba da juyawa bayan an yanke masa tururi zai iya riƙe famfunan ruwa na kusan minti ɗaya, kafin janaretocin dizal su kama, idan lantarki ya ɗauke. An tsara gwajin da ranar Juma'a, 25 ga Afrilu, amma masu kula da rarraba lantarki a Kiyef suka nemi a dakata domin ana buƙatar wutar. Jinkirin ya kai kusan awa goma, aikin ya faɗa hannun ma'aikatan dare waɗanda ba su ne suka shirya masa ba.

Bayan tsakar dare, ƙarfin tukunyar ya faɗi warwas zuwa kusan megawat 30 na zafi, alhali gwajin na buƙatar aƙalla 700. Wani iskar gas mai suna zinon, wanda ke taruwa idan an rage wuta, ya shaƙe ta. Maimakon a kashe ta a jira, sai aka yi ta zare sandunan birki har aka wuce iyakar da ƙa'ida ta yarda, aka samu ta tsaya a kusan megawat 200. Mataimakin babban injiniya, Anatoly Dyatlov, shi ke jagorantar gwajin. Aleksandr Akimov ne shugaban ma'aikatan dare, matashi Leonid Toptunov, ɗan shekara 25, yana kan allon sarrafa tukunya.

Da ƙarfe 1:23 da daƙiƙa 4 na daren Asabar aka fara gwajin. Bayan daƙiƙa 36 aka danna maɓallin kashe tukunya na gaggawa. Sandunan suka fara sauka gaba ɗaya, girafait ɗin da ke bakinsu ya riga shiga, wuta ta yi tsalle ta ninka ƙarfin da aka gina tukunyar a kai sau da yawa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Fashewa biyu suka biyo baya. Murfin da nauyinsa ya haura tan 1,000 ya ɗaga ya kife a karkace, rufin ginin ya tarwatse, cikin tukunyar ya buɗe ga sararin sama.

Waɗanda suka fara isa

Valery Khodemchuk, mai kula da famfuna, ya mutu nan take, kuma har yau gawarsa na ƙarƙashin ɓaraguzan. 'Yan kwana-kwana suka iso cikin mintuna, suka hau rufin gine-ginen da ke maƙwabtaka suna kashe wuta da kayan aikinsu na yau da kullum, suna taka gutsattsarin girafait ba tare da sanin cewa daga zuciyar tukunyar suka fito ba. Na'urorin auna guba da ke hannu ba sa iya nuna abin da ya wuce wani ƙaramin adadi, sai aka riƙa aika wannan adadin zuwa sama tamkar shi ne gaskiyar lamari. Shugabannin tashar sun shafe sa'o'i suna nanata cewa tukunyar tana nan lafiya, suna tura mutane su buɗe mata ruwa.

An tabbatar da cewa mutane 134 sun kamu da matsananciyar cutar gubar nukiliya. Cikin 'yan watanni 28 daga cikinsu suka rasu, yawancinsu a Asibiti na 6 da ke Mosko. Akimov da Toptunov na cikinsu.

A Pripyat kuwa, Asabar ta waye kamar kowace Asabar. Yara sun tafi makaranta, an yi bukukuwan aure. Sai da ranar Lahadi, kimanin awa 36 bayan fashewar, motocin safa fiye da 1,000 suka yi layi suka kwashe garin. An ce wa jama'a su ɗauki takardunsu da 'yan kayan kwana uku. Ba su sake komawa zama ba. A ranar 1 ga Mayu, an fito da dubban mutane, har da yara, faretin ranar ma'aikata a titunan Kiyef. Shugaba Mikhail Gorbachev bai yi wa al'umma jawabi kan lamarin ba sai ranar 14 ga Mayu.

Rundunar share ɓarna

Wutar ta ci kusan kwana goma. Jirage masu saukar ungulu sun zuba kimanin tan 5,000 na yashi da yumɓu da dalma da sinadarin boron a kan ramin. An kawo masu haƙar kwal suka haƙa rami a ƙarƙashin tukunyar, saboda fargabar narkakken makamashi zai huda ƙasa ya gurɓata ruwan da ke gangarawa kogin Dnieper. Da aka zo kwashe gutsattsarin da ke kan rufi, gubar ta lalata na'urorin da aka tura, sai aka koma ga sojoji: kowane ya fito da shebur, ya yi aikin da bai wuce minti ɗaya da rabi ba, ya ruga ya ba wani wuri. Mutane kusan 600,000 ne aka ba shaidar shiga wannan aiki a shekarun da suka biyo baya. Kafin ƙarshen Nuwamban 1986 an kammala ƙaton akwatin kankare da ƙarfe a kan tukunyar. An shata da'ira mai nisan kilomita 30 aka hana zama, aka kwashe mutane kusan 116,000 a shekarar farko, daga baya aka sake tsugunar da wasu fiye da 200,000.

Laifin wa?

A watan Agustan 1986, masanin kimiyya Valery Legasov ya gabatar da dogon bayani a gaban Hukumar Kula da Makamashin Nukiliya ta Duniya a birnin Biyana. Duniya ta yaba da irin bayanan da ya fitar, sai dai rahoton ya ɗora kusan dukkan laifi a kan ma'aikata. A 1987 kotu ta yanke wa shugaban tashar Viktor Bryukhanov da babban injiniya Nikolai Fomin da Dyatlov ɗaurin shekara goma-goma.

Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. An riga an gano matsalar sandunan birki tun 1983 a tashar Ignalina da ke Lituweniya, kuma wata tukunya irin wannan ta samu haɗari a kusa da Leningrad a 1975. An ɓoye darussan a matsayin sirrin ƙasa, ba su isa ga mutanen da ke zaune gaban allon sarrafawa ba. Legasov ya naɗi bayanansa a kaset, sannan ya kashe kansa a Afrilun 1988, daidai lokacin cikar haɗarin shekara biyu. A 1992 kwamitin ƙwararru na hukumar ta duniya ya sake nazari, ya mayar da nauyin laifin kan ƙirar tukunyar da tsarin da ya bari aka yi ta aiki da ita a haka. Ma'aikatan sun yi kuskure, amma mutumin da ya danna maɓallin kashe wuta ba shi da hanyar sanin cewa maɓallin ne zai tayar da ita.

Lissafin da bai ƙare ba

Illar da aka fi tabbatarwa ita ce sankarar tayiroid, halittar nan ta maƙoshi wadda kumburinta ke haifar da maƙoƙo. Nau'in aidin mai guba ya sauka a kan ciyawa, shanu suka ci, yara suka sha madara. Wannan aidin rabinsa na ɓacewa duk kwana takwas, don haka hana shan madarar yankin na 'yan makonni da ya kare dubban yara. Ƙasar Folan ta raba wa miliyoyin yaranta maganin aidin cikin kwanaki, amma a ƙauyukan da suka fi kusa da tashar gargaɗin bai zo da wuri ba. Zuwa 2005, an samu fiye da mutum 6,000 da suka kamu da cutar cikin waɗanda ke yara ko matasa a 1986 a Belarus da Yukren da Rasha. Yawancinsu sun rayu bayan tiyata, tare da shan magani har ƙarshen rayuwa.

Jimillar mace-mace kuwa har yau ana jayayya a kai. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2005 ya yi hasashen mutuwar da za ta iya kai 4,000 a tsakanin mutane 600,000 da suka fi shan gubar, wasu masu bincike kuma suna kawo adadi mai ninkin haka idan aka haɗa duk Turai. Tushen saɓanin shi ne sankarar da guba ta haifar ba ta da wata alama da ke bambanta ta da sauran. Rahoton ya kuma nuna cewa fargaba da raba mutane da garuruwansu sun yi wa lafiyar ƙwaƙwalwa babbar illa. Sinadarin siziyom, wanda rabinsa ke ɗaukar shekara 30 kafin ya ɓace, ya gurɓata fiye da kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar Belarus. A Birtaniya, sai a 2012 aka ɗage takunkumin ƙarshe kan tumakin wasu tsaunuka.

Abin da ya sauya

A watan Satumban 1986 ƙasashe suka amince da yarjejeniyar da ta wajabta sanar da maƙwabta cikin gaggawa idan an samu haɗarin nukiliya. Italiya ta juya wa makamashin baya bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1987, Masar ta jingine shirinta na shekaru masu yawa. A cikin Tarayyar Sobiyet, ɓoye gaskiyar ya zubar da amanar da ta rage tsakanin jama'a da gwamnati, ƙungiyoyin kare muhalli a Yukren da Belarus suka rikiɗe zuwa masu neman 'yanci. Gorbachev da kansa ya rubuta a 2006 cewa mai yiwuwa Cernobil ce ainihin sanadin rushewar tarayyar. Muryoyin matan 'yan kwana-kwana da sojoji da ƙauyawa kuwa, marubuciyar Belarus Svetlana Alexievich, wadda ta samu kyautar Nobel a 2015, ta tattara su a littafi.

Tashar ba ta daina aiki nan take ba. Sai a ranar 15 ga Disamba, 2000 aka kashe tukunya ta ƙarshe. A 2016 aka tura wata sabuwar rumfar ƙarfe mai tsayin mita 108 da nauyin tan 36,000 ta rufe tsohon akwatin da ya fara tsagewa, da nufin ta yi shekara 100. Waɗanda suka zana ta sun yi lissafin guguwa da girgizar ƙasa, ba su yi lissafin yaƙi ba. Sojojin Rasha sun mamaye wurin a ranar 24 ga Fabrairu, 2022, suka fice a ƙarshen Maris. A Fabrairun 2025 wani jirgi maras matuƙi ya huda rufin rumfar. Yukren ta zargi Rasha, Rasha ta musanta.

A yau kyarkeci da dawakan daji suna yawo a inda gonaki suke a da, bishiyoyi sun tsiro a filin ƙwallon Pripyat, wasu tsirarun tsofaffi da suka koma ƙauyukansu suna ƙarasa kwanakinsu a can. A daidai wannan lokaci Masar na gina tashar nukiliya a El Dabaa, Najeriya da Ghana kuma na nazarin bin sahu. Tukwanen zamani sun sha bamban da RBMK, kuma an gyara waɗanda suka rage a Rasha. Abin da injiniya ba zai iya gyarawa da ƙarfe ba shi ne tsarin da ƙaramin ma'aikaci ke tsoron faɗa wa na sama da shi mummunan labari, hukumar sa ido ke ƙarƙashin wanda take sa wa ido, rahoton aibi kuma ke kwana a durowa. Duk ƙasar da ke son wannan makamashi, a nan za ta fara gini tun kafin ta zuba kankare.