LAMBAR MOTA A MATSAYIN SHAIDAR TARIHI: DAGA WASANNIN REDIYO ZUWA TASHAR YELWA

Kwanakin baya wani ɗan'uwa daga cikin sababbin marubutanmu ya kawo mana wasan kwaikwayo na ban dariya domin mu duba masa. Ya gina shi ne a kan tashin mutanen bakin Kwara a ƙasar Yawuri, lokacin da ruwan tafkin Kainji ya fara cin garuruwa a 1968. Wasan ya yi daɗi, to amma a fitowa ta biyu sai ga direba ya zo kwasar kaya da Fijo haɗin Kaduna, mai lambar Jihar Kabi, har yana cinikin kuɗin mota da naira. Duk abubuwan nan uku babu wanda aka sani a wannan shekara. Wannan shi ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihin lambar mota a wannan yanki, da yadda za a bi sawunta a tsofaffin wasannin rediyo.

Mai karatu zai tuna cewa wasan kwaikwayon Hausa na zamani ya yi rarrafe ne a rediyo. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, wato Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, an saurare su kafin a karanta su a littafi. Bayan an kafa gidan rediyo da talabijin na Arewa a Kaduna a 1962, sai aka sami irin su Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan, da Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023. A rediyo ba a ganin mota, jin ta ake yi: ƙarar inji, da oda, da ihun yaron mota. Saboda haka idan ɗan wasa ya ambaci lamba, alal misali a gaban ɗan sanda ko alƙali, to ya bar wa mai bincike zare. Ko da ƙagen lambar ya yi, a kan tsarin lambobin da yake gani a titi ya ƙaga ta.

A Ingila masu sha'awar tsofaffin wasanni kan ji daɗin irin wannan bincike, domin tun 1903 doka ta tilasta yi wa mota rajista, kuma daga 1963 aka shigo da harafin ƙarshe mai nuna shekara. Mu namu tsarin ya fi nuna wuri, kuma wurin nan ya yi ta sauya suna. Ƙasar Yawuri tana cikin Lardin Sakkwato a Jihar Arewa har 1967, sa'annan ta faɗa Jihar Arewa maso Yamma. A ranar 3 ga Fabrairu 1976 ta zama ta Jihar Sakkwato, a ranar 27 ga Agusta 1991 kuma ta koma Jihar Kabi. Wato dattijon da bai taɓa barin Yelwa ko Shanga ba ya zauna a jihohi huɗu.

Lambobin ma haka suka bi. A da haruffan farko suna nuna garin da ofishin lasin yake. Bayan 1976 aka koma ga haruffa biyu na jiha, SO ta Sakkwato, KD ta Kaduna, KN ta Kano, LA ta Legas. A 1992, bayan kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya a 1988, aka fito da lamba iri ɗaya ga ƙasa duka: farin allo, sunan jiha a sama, da haruffa uku na ƙaramar hukuma a ƙarshe, shuɗin rubutu ga motar gida, ja ga ta haya, kore ga ta gwamnati. Haruffan nan uku sau da yawa daga sunan hedikwata ake ciro su, shi ya sa ta Yawuri take YLW, wato Yelwa, ta Ngaski kuma WRR, wato Wara. A 2011 aka sake tsarin, haruffan ukun suka dawo farko.

To, a nan akwai tarko. Lamba tana gaya mana lokacin da ba za a koma bayansa ba ne kawai. Wasan da aka ambaci SO a cikinsa bai girmi 1976 ba, amma yana iya zama na bayan kafa Jihar Kabi, domin mota ba ta zubar da lambarta ranar da aka ba da sabuwar jiha. Kazalika lamba tana nuna inda aka yi rajista, ba ta nuna inda mota ta ci tuwonta. Yelwa tana kan babbar hanyar da ta taso daga Legas ta bi ta Kwantagora da Koko da Jega zuwa Sakkwato, don haka motocin da ke ɗaukar kifi da albasa da shinkafa a nan suna ɗauke da lambobin jihohi dabam-dabam.

Saboda haka lamba tana bukatar masu taya ta shaida. Na farko ƙirar motar: Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, amma sai a 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, daidai lokacin da kuɗin Udoji suka shiga aljihun ma'aikata. Na biyu kuɗi: in ana ciniki da fam da sule, to kafin 1 ga Janairu 1973 ne, ko kuma mai maganar dattijo ne da bakinsa bai sauya ba. Na uku hannun tuƙi: duk barkwancin da aka yi a kan canjin hannu bai wuce kewayen 2 ga Afrilu 1972 ba, ranar da Nijeriya ta koma bin dama.

Shaida ta huɗu ita ce mafi ƙarfi, ita ce kuma ta fi saurin ɓacewa. Mutanenmu ba su cika riƙe mota da lamba ba. Suna riƙe ta da sunan mai ita, ko na direbanta, ko rubutun da ke goshinta. Da Mamman Shata ya tashi yabon mai tuƙi, sunan Bawa Direba ya bar mana. Fiye da mutum dubu 40 aka tayar saboda madatsar Kainji, wadda aka gina tsakanin 1964 da 1968, kuma wasu motoci da jiragen ruwa ne suka kwashi kayansu. Waɗanda za su iya cewa motar wane ce, wa ya ja ta, ina ta ƙare, su ne tsofaffin direbobi da 'yan kamasho da makanikai na Yelwa da Wara da Shanga. Wanda yake yaron mota ɗan shekara 15 a 1968, yau ya haura saba'in.

Shawararmu ga 'yan'uwa marubuta ita ce, duk wanda ke da tsohon kaset ɗin da aka naɗi wasa daga rediyo a gida, ya adana shi, ya rubuta duk lamba da sunan mota da farashin da ya ji a ciki. Sa'annan ya ɗauki takardar ya nufi tasha, ya gai da dattawa, ya karanta musu. Da tsohuwar zuma ake magani. Shi kuwa ɗan'uwanmu mai wasa ya karɓi gyara: ya mayar da Fijo ta zama tsohuwar Bedford, naira ta koma sule, ya kuma yi alkawarin zai tambayo sunan da aka rubuta a goshin motar. Allah ya sa mu dace, amin.