Suna Linzami: Daga Farar Giyar Faransa zuwa Cukun Azawak

Matafiyin da ya bar birnin Tawa ya nufi Agadas, da wuya ya wuce Tabalak ko Abalak ba a miƙo masa cuku ta tagar mota ba. Fari ne, falle-falle, da shatin asabarin da aka shanya shi a kai. Mai saye yakan taya, ya biya, ya wuce, ba tare da ya san wace mace ce ta yi shi ko daga wace rugga ya fito ba. A yau wannan abinci na makiyaya yana da takardar da ke kare sunansa, kuma dokar kare sunan kaya tana da dogon tarihi a wata ƙasa mai nisa, tsakanin ƙananan manoman inabi na Faransa. Adar ba ƙasar inabi ba ce, giya kuma haramun ce ga Musulmi. Amma tarihin yadda waɗancan manoma suka ƙwato sunan garuruwansu ya shafi kowane mai ƙaramar sana'a da kayansa suka yi suna.

A shekarun 1860 wani ɗan mitsitsin ƙwaro da ake kira filoksera ya shigo Faransa daga Amurka, ya riƙa cin saiwar inabi har ya halaka mafi yawan gonakin ƙasar. Da giya ta yi ƙaranci, sai ƴan algus suka sami kasuwa. Suna haɗa busasshen inabi da sukari da ruwa, su liƙa wa kwalba sunan garin da ya shahara. Chablis, wani ƙaramin gari a yankin Burgundi da ya yi fice da farar giya, ya wayi gari ana sayar da kwalabe da sunansa a wuraren da ba a ma san hanyarsa ba. Manomin da ya sake dasa gonarsa da ƙyar sai ya tarar farashi ya faɗi, domin jabu ta cika kasuwa. A 1907 dubban ɗaruruwan mutane suka yi zanga-zanga a birnin Monfeliye na kudancin ƙasar, a 1911 kuma manoman yankin Shamfan suka farfasa rumbunan ƴan kasuwar da suke zargi da algus.

Dokoki sun biyo baya: ta 1905 kan ha'inci, ta 1919 kan sunan asali, sannan ta 1935 wadda ta kafa hukumar da daga baya aka sani da INAO. Ƙa'idar ita ce sunan wuri mallakar jama'ar wurin ne gaba ɗaya, kuma ba mai amfani da shi sai wanda ya noma a cikin iyakar da aka shata, da irin da aka amince da shi, bisa hanyar da aka rubuta. Chablis ta sami wannan kariya a 1938. Montrachet, gonar da ba ta wuce hekta 8 ba, wadda ke kashi-kashi a hannun gidaje da dama, farar giyarta tana cikin mafi tsada a duniya. Tun 1925 ma an shimfiɗa irin wannan doka a kan cuku, lokacin da aka kare sunan Roquefort, wanda ake yi da nonon tumaki.

Cukun arewacin Adar ya girmi duk waɗannan dokoki. Tun kafin Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci Adar a ƙarshen ƙarni na 17, ƙasar mahaɗa ce tsakanin manoma da makiyaya. Daga baya Abzinawan Kel Dinnik suka yi ƙarfi a Azawak, Fulani da Larabawa kuma suka yi kiwo kusa da su. Makiyayi na bukatar hatsi, manomi na bukatar nono da taki, kasuwanni irin ta Lahadi a Tawa suka zama wurin musaya. Matsalar makiyayi ita ce nono yakan yi yawa da damina, lokacin da garke ya yi nisa da gari, ya kuma yi ƙaranci da rani. Cuku shi ne maganin da mata suka samo. Ana tatsar madara, a ɗiga mata ruwan da aka jiƙa wani yanki na tumbin ɗan akuya ko ɗan maraƙi mai shan nono, sai ta daskare. A shimfiɗa ta a kan asabarin karan ciyawar da Abzinawa ke kira afazo, ruwa ya tsane, iska da rana su busar da ita cikin kwana ɗaya ko biyu. Abin da ya fito, wanda suke kira tikomart, yakan yi watanni bai lalace ba. Ana cin sa da shayi, ana kuma daka shi da gero da dabino a dama, ya zama guzurin ayari.

Ƙarni na 20 ya sauya wannan tsari. An gane cewa jar saniyar Azawak tana cikin mafi yawan nono a Sahel, aka shiga zaɓen irinta a Tukunus, wajen Filinge. A 1961 gwamnatin Nijar ta kafa dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, don a bar wa makiyaya abin da ke bayanta. Sai fari na 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 suka share garkuna. Iyalai da yawa suka sauka a bakin garuruwa, kuma da aka shimfiɗa kwaltar Tawa zuwa Arlit saboda yuraniyom, cukun da a dā ake ajiyewa don rani ya koma hajar da mace ke sayarwa ta sayi hatsi da sutura.

Darasin mallakar suna kuwa ta kudancin jihar ya shigo. A shekarun 2000 wani kamfanin iri da ke Senegal ya nemi a yi masa rajistar albasa da sunan Galmi a hukumar OAPI, mai kula da haƙƙin mallakar fasaha ta ƙasashen Afirka da dama, wadda ke da mazauni a Yawunde. Manoman Nijar da hukumominsu suka ƙi, kamfanin ya sake wa irinsa suna. A 2013 hukumar ta fara kare kayan Afirka da sunan wurarensu: barkonon Penja da farar zumar Oku a Kamaru, da gahawar Ziama-Macenta a Gine. A farkon shekarun 2020 albasar Galmi da kilishin Nijar suka shiga wannan sahu, cuku da fatar jar akuyar Maradi kuma suka sami tambarin haɗin gwiwa.

Sai dai takarda ba ta tatsar saniya. Abin da ya ɗaukaka manoman Chablis shi ne sun haɗa kai, sun rubuta ƙa'ida, sun yarda a bincike su, sun kuma tsare ƙasar da sunan ya dogara da ita. A arewacin Adar gonaki sun daɗe da tsallake iyakar 1961, duk da dokar kiwo ta 2010. Rashin tsaro ya ƙara ƙuntata makiyaya: a watan Maris na 2021 an kashe mutum 137 a ƙauyukan yankin Tiliya. Madarar gari da ake shigowa da ita daga waje ta cika kasuwannin birane, kuma muddin ba a tsare ƙa'idar da ta ce sai da madarar garke ba, ba abin da zai hana wani ya yi farin abu da ita ya kira shi cuku. Haka nan tambarin na ƙasa ne baki ɗaya, alhali tarihin Faransa ya nuna cewa ƙaramin suna, na gari ko na kwari, shi ke kai riba hannun mai yin kayan.

A nan malamai da ƙungiyoyin al'adu ke da aiki. Su ne za su iya zama da tsofaffin mata a Abalak da Cintabaradan da Tabalak, su rubuta yadda kowane yanki ke yin nasa, da sunayen kayan aikin a Tamashek da Fulatanci da Hausa, da bambancin cukun saniya da na akuya. Da irin wannan rubutu ake shata iyaka, da shi kuma ake tsayawa gaban hukuma ranar da wani ya zo neman sunan.