Wane Ne Wannan a Bayan Alhaji? Tarihin Hoton Wasan Makaɗa, Daga Zamanin Fim Zuwa Mararabar Yau

Kwanakin baya an yi wani bikin aure a Kabayi, aka ɗauko mawaƙi daga Kaduna. Mun tsaya can gefe muna kallon jama'a. Mawaƙi ɗaya ne riƙe da makirfo, amma hannuwan da ke sama riƙe da waya sun fi ƙarfin ƙirge, har na baya ba sa hango komai sai hasken wayoyin na gaba. Bayan mako biyu muka shiga neman hoto ɗaya mai kyau da za mu sa a wannan mujalla. Na farko da muka tambaya ya ce wayarsa ta cika, ya goge. Na biyu an zare masa tasa a motar Nyanya. Wanda muka samu daga ƙarshe ya bi ta hannun mutum huɗu a WhatsApp, ya dushe har ba a gane ango. Abin da ya sa ke nan muka ce bari mu waiwaya mu ga yadda aka faro ɗaukar hoton makaɗa a bakin aikinsu, da kuma inda hotunan suka shige.

Kiɗa a ƙasar Hausa ya girmi kyamara nesa ba kusa ba, kuma ko da kyamarar ta zo ba makaɗi ta fara nema ba. Idan mutum ya duba tsofaffin hotunan zamanin Turawa, ko shafukan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, sarki zai gani, da Razdan, da hawan salla. Mai kakaki da mai tambari suna nan a gefe bisa doki, amma da wuya a rubuta sunansu a ƙasan hoton. Dalili ba ɓoyayye ba ne. A tsarinmu na da, maroƙi yana wasa wani ne, ba shi ake wasawa ba. Shi ya sa da yawanmu mun haddace muryar Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, amma da a ce za a jera mana fuskoki a ce mu nuna tasa, sai mu yi zuru.

Cikin waɗanda suka fara juya kyamara kan makaɗin shi kansa akwai wani Ba'amurke masanin al'adu, David Ames, wanda ya zauna a Zariya a 1963 zuwa 1964. Ya bi makaɗan fada da na sana'a da na kan titi, ya ɗauki sautinsu da hotunansu, aka fitar da faya-fayai biyu na kiɗan Hausa cikin jerin na UNESCO. A 1971 shi da Anthony King suka buga ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa. Aiki ne mai kyau, sai dai ya fi zama a ɗakunan karatu na Turai da Amurka, kuma manazarci ne ya yi shi domin manazarta.

A gida kuwa, gidan rediyo da talabijin na Kaduna da aka buɗe a 1962 shi ya fara kai fuskokin makaɗa cikin ɗakunan mutane, sannan jaridar New Nigerian ta zo a 1966 da masu hotonta. Kamfanonin faifai irin su EMI su ma suna buƙatar hoton da za su manna a bango. To amma duk wanda ya san wasa ya san waɗannan hotunan ba na wasa ba ne. An sa babbar riga, an gyara zaman hula, an riƙe kayan kiɗa ana kallon kyamara. Babu gumi, babu ƙura, babu sanƙira yana kai gwauro yana kai mari.

Hoton wasa na gaskiya wani mutum ne daban ya ɗauke shi, wato mai hoton unguwa, wanda ke da ɗan shago da labule mai zanen bene ko jirgin sama, da dare kuma ya rataya kyamara ya bi bukukuwa, ajo da kalankuwa da wasannin kulob. Sai an fahimci lissafin wannan bawan Allah kafin a gane abin da ya sa tarihin namu ya fito a karkace. Fim ɗaya hoto 36 yake ci, wani 24. Da kuɗinsa ya sayi fim ɗin, da kuɗinsa ya sayi batirin filasha, da kuɗinsa zai kai wanki. Ba ya ganin abin da ya ɗauka sai bayan an wanke. Saboda haka duk latsawa ɗaya jari ce, kuma ba zai zuba jari ba sai inda ya san zai dawo. Makaɗi ba ya sayen hoton kansa, gobe ma yana wani gari. Mai saye shi ne Alhajin da aka kira sunansa ya taso da riga buɗe yana liƙi, ko Hajiyar da ta shigo fili da ƙawayenta. Don haka mai hoto yana tsugune yana jira, ba ya motsi sai an ambaci wani mai hannu da shuni. Da Alhaji ya ɗaga hannu zai manna kuɗi a goshin mawaƙi, sai walƙiya. Washegari ko jibi a kai masa gida ko kasuwa, ya zaɓa ya biya.

Je ka buɗe albam ɗin kowane dattijo da ya ci zamaninsa a Kano, Jos, Kaduna ko Funtuwa. Za ka ga shi ne a tsakiya, fes. Mawaƙin yana gefe, wani lokaci rabin fuska, wani lokaci ƙeya. Kuma mawaƙin nan yana iya zama Mamman Shata da kansa.

Sannan ga duhu. Wasan Hausa na dare ne, a fili, ƙarƙashin fitilar gas ko ƙwai biyu uku da aka ja daga janareto. Fim ɗin da ake samu a kasuwa na hasken rana ne, ba ya iya komai a irin wannan wuri sai da filasha, ita kuma filasha taku kaɗan haskenta ke kaiwa. Wanda ke kusa ya fito fari tas, duk abin da ke bayansa ya zama baƙi ƙirin. A cikin baƙin nan ne makaɗan kalangu da 'yan amshi suka ɓace, da su da taron jama'ar da suka yi da'ira. Idan mai hoto ya ce zai kashe filasha don ya kamo fili duka, hannun mai kalangu ba ya tsayawa, sai ya fito kamar hayaƙi. Mu a ganinmu wannan ita ce babbar asara. Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923 ya rasu ranar 18 ga Yuni 1999, ya yi fiye da shekara 50 yana waƙa da mutane a bayansa, amma mutum nawa ne cikinmu zai gane fuskar ko ɗaya daga cikinsu?

Kowane makaɗi kuma da irin wahalar ɗaukarsa. Ɗan Maraya Jos, Allah ya jiƙansa, shi kaɗai ne da kuntiginsa, ɗan abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ake yi da gwangwani, ga shi ya saba hawa dandamali mai fitilu a gida da waje, don haka hotunansa sun fi na kowa tsabta. Musa Ɗanƙwairo da ayarinsa na masu kotso sai an ja da baya sosai kafin su shiga hoto ɗaya, ja da bayan kuwa shi ke kashe hasken. Barmani Choge ta Funtuwa da matan da ke kaɗa mata ƙwarya, yawancin wasanninsu na amada a cikin gida ake yi, tsakanin mata, inda namiji mai kyamara ba kullum yake samun shiga ba. Ta rasu a 2013, kuma mafi yawan hotunanta da ke yawo yanzu na shekarunta na ƙarshe ne.

Kada a ce ai haka abin yake ko'ina. A Bamako, Malick Sidibé irin wannan sana'ar ya yi a shekarun 1960 da 1970. Ya bi gidajen rawa da dare, ya wanke kafin gari ya waye, ya manna samfura a kwali, matasa su zo su zaɓa. Bambancinsa ɗaya, bai zubar da dodon hoto ba. Ya jera su a kwalaye da lamba da kwanan wata, har a 2007 aka ba shi babbar lambar girmamawa ta baje kolin fasaha na Venice. A Yamai ma Philippe Koudjina ya yi haka da dararen birnin. Ko bikin FESTAC da aka yi a Legas daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu 1977, da hawan daba a Kaduna, ɗaya daga cikin manyan taskokin hotunansa yana hannun wata Ba'amurkiya ce, Marilyn Nance, wadda ta adana abinta shekara 45 kafin ta fitar da littafi a 2022. Masu hotonmu ba su gaza waɗannan ido ba. Sun dai ɗauki dodon hoto a matsayin abin da ya gama aiki da zarar an biya, wasu su miƙa wa mai shi, wasu su bar wa yara suna leƙa rana da shi. Da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin Shata Ikon Allah a 2006, hotunan ciki sun nuna abin da za a iya tattarowa idan an tashi nema da gaske.

To, mu dawo gida. Mararaba a takarda tana ƙaramar hukumar Karu ce ta jihar Nasarawa, jihar da aka cire daga Filato ranar 1 ga Oktoba 1996, kuma ƙasa ce da muka tarar da Gbagyi a kanta. Amma kowa ya san Abuja ce ta haife ta a yadda take yau. An yi dokar kafa sabon babban birni a Fabrairu 1976 zamanin Murtala, gwamnati ta taso daga Legas ranar 12 ga Disamba 1991, mu kuma muka biyo ta, 'yan gwari da mahauta, direbobi da teloli, leburori da 'yan canji. Rusau ɗin da aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007, da hana acaba shiga tsakiyar birni a 2006, suka ƙara turo dubban 'yan uwa wannan gefen iyaka. Duk inda Bahaushe ya taru kuwa sai an yi aure da suna, sai an naɗa sarkin wata sana'a, sai an kira makaɗi. Masu kalangu da masu kukuma sun yi wasa a filayen da yau shaguna ne da benaye, daga baya masu fiyano da 'yan gala suka karɓe fagen, bayan finafinan Kano sun kawo sabon salon waƙa.

Waɗannan shekarun na farko, daga 1991 zuwa wajen 2005, su ne ƙarshen zamanin fim, kuma su ne farkon tarihinmu a nan. Ba mu da ganuwa, ba mu da tsohuwar fada mai kundin tarihi. Idan jikokinmu suka tambaya yaya bakin Kasuwar Lemu yake kafin a cika shi, ko su wa suka fara zama a layin Abacha da hanyar Aso, amsar tana cikin irin waɗancan hotunan biki, a bayan kafaɗar mai liƙi: katangar da ba a gama ba, fili da ciyawa, fuskar wani dattijo da ya riga mu gidan gaskiya. Matsalar ita ce yawancinmu 'yan haya ne. Duk tashi ɗaya sai an yar da wani kwali. Ɗakin da ke yoyo da damina ya manne hotuna da juna, in ka ɓamɓare sai fuska ta bi ɗayan. Wasu sun aika da albam gida Katsina ko Sakkwato, can kuma babu wanda ya san mutanen ciki. Masu hoton da suka ɗauka, da kyamarar kati ta zo sannan waya ta biyo baya, da yawa sun rufe shago sun kama wata sana'a. Ko Kodak da kansa sai da ya bayyana karyewar jari a 2012, balle mai ɗan shago a bakin titin Keffi.

Waya ta warware matsalar 36, ta kuma rage ta duhu. Yau yaro zai ɗauki hoto ɗari a waƙa ɗaya bai kashe ko kwabo ba, kuma a karon farko kyamara ta koma kan mawaƙin, domin shi ake son a nuna an gani. Wannan ci gaba ne, ba ma musu. Sai dai hoton da bai ci kuɗi ba, ba a jin zafin goge shi. Wasan fili ma ya ja baya tun bayan bama-baman tashar Nyanya na 14 ga Afrilu da 1 ga Mayu 2014, aka fi komawa ɗakunan taro masu mai gadi a ƙofa, inda fitilu masu launi ke juyawa suna rina fuskar kowa shuɗi da ja.

Wani abin mamaki kuma, hoton da a da shi ne abin alfahari yanzu ya zama abin gudu. Dokar Babban Banki ta 2007 ta hana liƙi da naira, da hukuncin ɗaurin wata shida ko tarar naira 50,000 ko duka biyun, kuma tun daga 2024 hukumar EFCC ta riƙa kai mutane kotu da hujjar bidiyon da aka ɗauka a wurin biki. Alhajin da mahaifinsa ke kiran mai hoto ya matso kafin ya zaro kuɗi, shi yanzu sai ya waiga ya ce a sauke wayoyi.

Muna roƙon duk mai tsohon hoton wasa da aka ɗauka a Mararaba, Masaka, Ado ko Nyanya, musamman na kafin 2005, ya fito da shi ya zauna da wani babba a gidan. A juya bayansa a rubuta da fensir, ba da biro ba don yana huda takarda ya fito ta gaba: shekara, unguwa, bikin wa, wane makaɗi, da sunan duk wanda aka gane, har mai kalangun da rabin jikinsa ke cikin duhu. Wanda ya yarda a buga nasa a mujalla, za mu ɗauki kwafi a gabansa mu mayar masa da abinsa nan take. Idan da matan aure a ciki, sai an nemi izininsu tukuna.