Yadda Rumawa Suka Yi Lissafi Babu Sifiri

A birnin Rum, a saman ƙofofin Kolosiyam, ƙaton filin wasan da aka buɗe a shekara ta 80 Miladiyya, har yau ana ganin lambobin da aka sassaƙa don kowane ɗan kallo ya san ƙofar da zai bi. Ƙofa ta 54 an rubuta mata LIIII. Ɗalibin yau da zai rubuta haka, malami zai soke, ya ce LIV ne daidai. Su kuwa Rumawa ba su tsaurara wannan ƙa'ida ba.

Haruffa bakwai ne jarinsu: I ɗaya, V biyar, X goma, L hamsin, C ɗari, D ɗari biyar, M dubu. Tarawa da su ba ta da wuya. A ce za a haɗa CXXVII da LXVIII, wato 127 da 68. Sai a zuba haruffan wuri ɗaya, a mayar da I biyar su zama V, V biyu su zama X, a tashi da CLXXXXV, wato 195. Ninkawa da rabawa ne ke sa mutum gumi, domin babu sifiri, kuma X goma ne duk inda ya zauna.

To, da me suka tara harajin daular da ta taso daga Birtaniya har Masar? Ba da haruffan ba. Ma'aji yana da allo mai layuka, layin ɗai-ɗai, na goma-goma, na ɗari-ɗari, yana motsa tsakuwa a kai kamar mai wasan dara. Layin da babu tsakuwa shi ke yin aikin sifiri. Idan an gama, sai a rubuta amsar da haruffa. A ganina nan ne masu raina Rumawa ke kuskure: haruffan na adana sakamako ne, lissafin kansa a kan allo yake.

Sauyin ya zo ta hannun Musulmi. Wajen shekarar 825 Alkawarizmi ya rubuta littafi a Bagadaza kan lissafin Indiyawa. Daga baya wani yaro ɗan Pisa, Fibonacci, ya koyi wannan ilimi a Bijaya, a Aljeriya ta yau, inda mahaifinsa ke aiki a ofishin kwastan. A 1202 ya fitar da Liber Abaci, ya nuna wa fatake yadda za su yi canjin kuɗi da lissafin riba da alƙalami kawai.

Ba a karɓi lambobin Indiyawa hannu bibbiyu ba. A 1299 ƙungiyar 'yan canjin Florence ta hana amfani da sababbin lambobin a littattafan ajiyar kuɗi. Tsoronsu yana da tushe, tunda da ɗan jan alƙalami mayaudari zai mayar da 0 ya zama 6 ko 9. Sai bayan zuwan injin buga littattafai, a ƙarni na 16, alƙalami ya rinjayi tsakuwa a kasuwannin Turai.